Tambayi Mai Gyara: Firintar da ke Ɓata Idan An Ɗauke Wuta, da Rauta Biyu a Gida Ɗaya

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan watan kamar haɗa baki kuka yi, domin mafi yawan saƙonnin da suka shigo a kan rautar gida suke, wato na'urar nan da ke raba wa wayoyi da kwamfutoci intanet. Lokacin da na fara aiki a wani kafe a Kano, rauta kayan banki ce da manyan ofisoshi, ba mai taɓa ta sai injiniya ya zo da jakarsa. Yau har a ɗakin amarya ana kafa ta kusa da talabijin. Na zaɓi tambayoyi shida, na cire sunaye kamar yadda muka saba, na kuma rage tsawon wasu.

Daga wani mai shagon buga takardu a Samaru, Zariya

"Malam, barka da aiki. Ina da kwamfuta uku da firinta ɗaya mai haɗuwa ta wayifai. Rautata Huawei ce mai layin waya a ciki. Duk sa'ad da aka ɗauke wuta muka tayar da janareta, sai kwamfutocin su ce ba su ga firinta ba, alhali ga ta nan fitilarta a kunne. Dole in goge ta in sake saka ta. Lokacin da ɗalibai ke buga furojet, sai in yi haka sau uku a rana. Firintar ce ta lalace?"

Ƙanena, firintarka lafiyarta ƙalau, kada ka bari wani ya ci kuɗinka a kanta. Lambar ɗakinta ce ke canzawa, su kuwa kwamfutocin suna ta ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa.

Bari in ɗan ja maganar, domin amsarka ita ce tushen sauran amsoshin da ke ƙasa. Ɗauki gida irin namu na da, zaure ɗaya da ɗakuna da yawa a ciki. Rauta ita ce zauren: duk mai fita ta nan zai bi, duk saƙon da ya zo daga waje a nan zai yi sallama. Waya da kwamfuta da firinta su ne ɗakunan, kowanne da lambarsa, wadda ake kira adireshin IP. A taka rautar, zauren yana ɗauke da 192.168.8.1, haka Huawei suka saba fitowa. Kashi uku na farko, wato 192.168.8, sunan gidan ne, kuma duk wanda ke ciki da shi yake farawa. Kashi na ƙarshe shi ne lambar ɗaki. Lambar nan 255.255.255.0 da za ka gani an rubuta Subnet Mask a gefenta, abin da take faɗa ke nan: uku na gida ne, ɗaya na ɗaki. Ana keɓe 0 da 255, saboda haka ɗakuna 254 ne suka rage, har da na zauren kansa.

To, wa ke raba ɗakunan? Akwai wani ɗan aiki a cikin rautar mai suna DHCP, ni mai rabo nake ce masa. Duk na'urar da ta shigo zai ba ta lamba, amma aro ne na ɗan lokaci, a wasu rautocin awa biyu, a wasu kwana guda. Galibin ƙananan rautocin nan ba sa riƙe lissafin rabon idan wuta ta ɗauke. Da janareta ya tashi sai a sake rabo daga farko, wanda ya riga zuwa shi ne da lambar farko. Wayar yaron shagonka da ke aljihunsa ba ta mutu ba, saboda haka ita ke riga kowa. Firinta kuwa sai ta gama ƙugi da jujjuya kanta kafin ta nemi wayifai. Jiya tana 192.168.8.101, yau ta tashi a 192.168.8.105, kwamfuta kuma 101 ta haddace.

Maganin shi ne ka mallaka mata ɗaki na dindindin, kuma hanya biyu ce. Wadda na fi so ita ce ta cikin rauta. Buɗe burauza a kwamfutar da ke haɗe da ita, ka rubuta 192.168.8.1 a inda ake rubuta adireshin shafi, ka shiga da kalmar sirrin rautar. Lura, ba lallai ta zama ɗaya da ta wayifai ba, duba takardar da ke manne a bayanta ko ƙarƙashinta. Nemi sashen DHCP. A ciki akwai inda ake ɗaure lamba da na'ura. Sunan wurin ya danganta da kamfani: wasu sun rubuta Address Reservation, wasu Static Lease, wasu IP and MAC Binding, duk abu ɗaya ne. Zai tambaye ka lambar MAC ta firintar, wato lambar da aka ƙera ta da ita, mai haruffa da alƙaluma goma sha biyu. Za ka same ta idan ka sa firintar ta buga takardar bayanin netwok ɗinta. Ka ɗaure ta da lamba guda, ka adana, ka kashe firintar ka kunna.

Idan taka rautar ba ta da wannan wurin, domin wasu ƙananan rautocin aljihu da ake kira mayifai ba su da shi, sai ka bi ta jikin firintar. Da farko duba iyakar rabon DHCP, a Huawei galibi daga 100 ne zuwa 200. Zaɓi lamba a wajen wannan iyakar, misali 192.168.8.20, ka rubuta mata da hannu, Subnet Mask 255.255.255.0, Gateway, wato lambar zaure, 192.168.8.1. Dalilin fita daga iyakar shi ne, idan ka ba ta 105 da hannunka, mai rabo bai san da zancen ba, gobe zai miƙa wa wayar wani kwastoma 105 ɗin, su biyun su rikice.

Bayan haka ka bi kwamfutocin uku ɗaya bayan ɗaya, ka shiga Printer Properties, sashen Ports, ka sa sabuwar lambar. Sai ka ɗauko alƙalamin maka ka rubuta ta a jikin firintar da manyan baƙi. Ina yin haka a duk inda na yi aiki, ana yi mini dariya, amma bayan shekara guda su ne ke kirana suna godiya.

Daga wani Alhaji a Gusau

"Gidana sashe biyu ne, nawa da na iyali, kuma wayifai ba ya kai wa ciki. Wani yaro ya kawo mini rauta ta biyu, TP-Link, ya ja kebul daga ta farko ya haɗa. Tun ranar ba mu huta ba. Waya za ta nuna ta haɗu amma ba intanet, bayan an jima sai ta yi. Wani lokaci tawa tana yi, ta uwargida ba ta yi, alhali muna zaune wuri ɗaya. Na kira kamfanin layin sun ce daga wajensu komai lafiya."

Ranka ya daɗe, a wannan karon gaskiya suka faɗa maka. Sarki biyu aka naɗa maka a gari ɗaya.

Ban ga aikin yaron ba, amma alamun da ka lissafa na san su kamar yunwar cikina. Ya cusa kebul ɗin a ɗaya daga cikin ramukan LAN na sabuwar rautar, wato ramukan haɗa na'urorin cikin gida, bai kashe mai rabonta ba. Yanzu masu rabo biyu ne a gidan. Waya tana shigowa ta yi sallama, wanda ya riga amsawa shi zai ba ta lamba, kuma kowannensu cewa yake yi shi ne zaure. Wadda tsohuwar rauta ta amsa wa ta samu hanyar fita. Wadda sabuwar ta amsa wa an nuna mata zauren da ba shi da ƙofar waje, sai ta tsaya tana nuna alamar wayifai cike, ba abin da ke buɗewa. Shi ya sa taka ke yi ta uwargida ba ta yi. Idan kuma ta farkon irin su ZTE ce, to abin ya haɗu goma da ashirin, domin yawancinsu da TP-Link da Tenda duk da 192.168.0.1 suke fitowa, sai ya zama na'ura biyu suna amsa suna ɗaya.

Irin wannan ta taɓa cinye mini yini guda a wani asibitin kuɗi. Na sauya kebul, na sauya suwic, wato akwatin da ke haɗa kebul-kebul, na zargi kowa da komai. Sai dab da magariba na leƙa ƙarƙashin teburin wani ma'aikaci na tarar da 'yar rautar da ya kawo daga gida ya cusa a ramin bango, wai don wayarsa ta riƙa samun wayifai. Ina zare ta komai ya daidaita. Tun daga ranar, kafin in buɗe jakata sai na tambaya ko wani ya ƙara wani abu a 'yan kwanakin nan.

Ga gyaran. Zare kebul ɗin da ya haɗa su tukuna. Haɗa waya ko kwamfuta da sabuwar rautar ita kaɗai, ka shiga 192.168.0.1 ko tplinkwifi.net. Nemi Operation Mode. Idan akwai zaɓin Access Point, shi za ka danna, ita da kanta za ta sauka daga sarauta ta koma mai miƙa wayifai kawai. Sababbin TP-Link yawanci suna da shi. Idan tsohuwa ce babu shi, a yi da hannu. A sashen LAN a canza lambarta zuwa wadda ke cikin gidan ta farko amma ba ta cikin iyakar rabo: idan ta farko 192.168.0.1 ce, a ba ta 192.168.0.2, idan 192.168.8.1 ce, a ba ta 192.168.8.2. Za ta mutu ta taso, a sake shiga da sabuwar lambar, a kashe DHCP ɗinta. Sannan a mayar da kebul, daga LAN na farko zuwa LAN na biyu, a bar ramin WAN, wato na karɓar intanet daga waje, wanda galibi launinsa daban ne, ba komai a ciki. A kashe wayifai na wayoyin gidan a kunna domin su karɓi sabon rabo.

Idan kana so, ka sa wa rautocin biyu suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, waya za ta riƙa kama wadda ta fi kusa yayin da kake zagayawa. Ba kullum take sakin ta nesa da wuri ba, amma ya fi a riƙa zaɓa da hannu.

Akwai hanya ta biyu da masu gyara da yawa ke bi domin ta fi sauri: a cusa kebul a ramin WAN, a ba sabuwar rautar gida nata daban, misali 192.168.5.1. Intanet zai yi, ba musu. Sai dai ka gina gida a cikin gida, zaure bayan zaure. Na sashen ciki suna iya ganin na'urorin sashen waje, na waje ba sa ganin na ciki. Ranar da ka kafa kyamara ko talabijin a sashen iyali, ka zauna a falonka ka nemi ganinta a waya, ba za ka same ta ba. Ana iya buɗe hanya da Static Route a rauta ta farko, a ce mata duk saƙon da za shi 192.168.5.0 ta miƙa wa ta biyu, amma ba ya aiki sai an kashe NAT na ta biyun, wato dabarar da rauta ke fita da saƙon kowa da sunanta, kuma yawancin rautocin gida masu araha ba su ba da damar hakan ba. A gidan mutum ɗaya ban ga abin da zai sa a sha wannan wahalar ba.

Abu na ƙarshe, Alhaji, a duba kebul ɗin. Iyakar tsawonsa mita 100 ne, kuma kasuwa cike take da na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. A kankare silin waya ɗaya da wuƙa, idan cikinsa fari ne, ba na jan ƙarfe zalla ba ne, kuma a doguwar tafiya shi ke fara ba da matsala.

Daga wata malamar makaranta a Maraɗi

"Kwamfutata ta daina shiga intanet. Ɗana ya duba ya ce lambarta tana farawa da 169.254. Mene ne wannan?"

Malama, wannan lambar ba rauta ce ta ba ta ba. Idan kwamfuta ta yi ta sallama mai rabo bai amsa ba, sai ta laƙaba wa kanta lamba mai farawa da 169.254, wadda ba ta fita ko'ina. Ko dai kebul ya saki, ko rautar ta daskare, ko wani ya kashe DHCP, ko kuma lambobin rabon sun ƙare saboda maƙwabta sun samu kalmar sirrinki. A kashe rautar a kunna. Idan wayoyin gidan suna yi kwamfutar ce kaɗai ta ƙi, ɗanki ya buɗe Command Prompt ya rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. Idan rautar ta amsa, zai ga lamba mai farawa da 192.168 ta bayyana.

Daga wani ɗan kasuwar Kantin Kwari

"Na sa kyamarori takwas a sito, Hikvision ne. Idan ina wurin ina ganinsu a waya. Ina so in riƙa gani daga gida ko idan na yi tafiya Dubai. Na bi bayanin da na gani, na buɗe Port Forwarding na 8000 da 554 zuwa lambar na'urar naɗar hoton, na yi rajistar DDNS, amma shiru. Me na yi ba daidai ba? Layin waya ne a rautar."

Alhaji, aikinka yana da kyau, lambobin da ka buɗe da Port Forwarding, wato ramukan da baƙon waje zai bi ta zaure ya iso na'urarka, ma su ne na Hikvision. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ka buɗe ƙofar zaurenka, alhali gidan naka a cikin wata babbar unguwa yake mai katanga da ƙofa ɗaya, kuma makullin ba a hannunka yake ba.

Adireshin IP irin wanda muka saba da shi guda biliyan 4.3 ne kacal a duniya, kuma babban rumbun da ake rabo daga cikinsa ya ƙare tun Fabrairun 2011. Tun kafin nan, a 1996, aka keɓe rukuni uku domin amfanin cikin gida: masu farawa da 10, da masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Waɗannan ba sa yawo a intanet, shi ya sa gidanka da gidana duk za su iya zama 192.168.0.1 ba tare da rigima ba. Rauta ce ke fita da saƙon kowa da sunanta, idan amsa ta dawo ta kai wa mai ita, wannan shi ne NAT. Da lambobi suka yi ƙaranci, sai kamfanonin waya su ma suka yi wa kwastomominsu irin wannan dabarar, suka tara mutane da yawa a bayan lamba ɗaya ta waje. Ana kiran wannan CGNAT, har an keɓe masa rukuninsa a 2012, daga 100.64 zuwa 100.127.

Gwajin minti ɗaya ne. Shiga rautarka ka duba lambar da aka rubuta WAN IP. Sannan da wayar da ke haɗe da rautar ka tambayi Google "what is my ip". Idan lambobin biyu sun sha bamban, kuma ta rautar tana farawa da 10 ko da 100.64 zuwa 100.127, to a bayan katangar kamfani kake. Ko ramuka ɗari ka buɗe, baƙon da ya taso daga waje ba zai iso zaurenka ba, DDNS kuwa, wato sunan da ke nuna wa baƙo lambarka ta waje, ƙofar unguwar kawai yake nunawa.

Mafita mafi sauƙi tana cikin na'urar taka. Shiga sashen Network, ka nemi Platform Access, ka kunna Hik-Connect, ka tabbata Gateway lambar rautarka ce, DNS kuma, wato mai juya sunan shafi zuwa lamba, ka sa 8.8.8.8 idan ba komai a wurin. Idan ta nuna Online, sai ka sauke manhajar Hik-Connect ka ɗauki hoton lambar QR. A nan na'urar ce ke fita da kanta ta riƙe hanya, kai kuma ka same ta a can, don haka katangar ba ta hana. Masu Dahua manhajarsu DMSS ce. Idan ta ƙi nuna Online, fara duba ko tana nan a kan 192.168.1.64 da yawancin kayan Hikvision ke fitowa da ita, alhali rautarka a gidan 192.168.0 ko 192.168.8 take. Idan kuwa lallai sai ka shiga kai tsaye, ka tambayi kamfanin layinka ko suna sayar da lambar waje ta kanka, galibi a tsarin 'yan kasuwa ake samunta kuma da kuɗinta.

Ni dai da za ka ji tawa, ka koma ka goge ramukan da ka buɗe, ka kashe UPnP, wato tsarin da ke barin na'ura ta buɗe wa kanta rami a rauta, ka sa wa na'urar kalmar sirri mai ƙarfi. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi kyamarori da na'urorin naɗar hoto da aka bari da kalmar sirrin kamfani, ta tara su runduna, aka kai hari da su kan kamfanin Dyn a watan Oktoba, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa a sassan Amurka. Masu kyamarorin ba su ma san da kayansu aka yi aikin ba. Kyamarar da ke kallon sitonka ba abin da za a bari a buɗe ba ne.

Daga wani matashi mai sayar da wayifai a unguwa, Yola

"Oga, ina da Starlink, na sa ta a Bypass, wato na dakatar da aikin rautarta, na haɗa da tawa rautar domin in riƙa raba wa kwastomomi. Intanet yana yi, amma manhajar Starlink ta daina nuna mini bayanin faifan kai tsaye. An ce in sa Static Route, ban gane ba."

Abokina, wannan ita ce ɗaya daga cikin wurare ƙalilan da mai rautar gida ke buƙatar Static Route da gaske. Tun da Starlink, wato intanet na tauraron ɗan Adam, ta shigo Najeriya a Janairun 2023 nake samun wannan tambayar.

Kowace rauta tana da ɗan jadawalin hanyoyi. A gida layi biyu ne kusan duka: abin da ke na cikin gida a bar shi ciki, duk saura a miƙa wa kamfani. Wannan na biyun shi ne za ka ga an rubuta 0.0.0.0. Faifan Starlink, wato dish ɗin da ke kama sigina daga sama, yana da lambarsa ta kansa, 192.168.100.1, kuma yana zaune ne a bakin ramin WAN ɗinka, ba ciki ba, ba kuma can intanet ba. Idan rautarka ba ta san haka ba, sai ta jefa saƙon cikin "duk saura" ya ɓace. Static Route layi na uku ne da za ka ƙara da hannunka. A Destination ka sa 192.168.100.0, Subnet Mask 255.255.255.0, Interface ka zaɓi WAN, Gateway ka bar shi 0.0.0.0 ko ba komai idan ta yarda. Sai ka rubuta 192.168.100.1 a burauza ka gani ko ya amsa.

Kada ka kuskura ka sa wa gidanka 192.168.100, domin daga nan rautar za ta riƙa neman faifan a cikin gida. Kuma tunda sayarwa kake yi, ka tuna da lissafin ɗakuna 254. Wayoyin yanzu, tun daga Android 10 da iOS 14, suna nuna lambar MAC ta aro, wasu kuma suna sauya ta, saboda haka waya ɗaya tana iya cin ɗaki fiye da ɗaya. Rage lokacin aron zuwa awa ɗaya ko biyu domin ɗakunan waɗanda suka tafi su riƙa dawowa. Idan mutanenka sun fi haka yawa, mayar da Subnet Mask 255.255.254.0, zai ba ka 510, in dai rautar za ta iya ɗaukar nauyin.

Daga wata ɗaliba a Katsina

"Kawu, na shiga rautar gidanmu ina gwaji, na canza IP Address zuwa wata lamba, yanzu shafin ya ƙi buɗewa kuma na manta abin da na sa. Babana bai sani ba tukuna."

'Yata, kwantar da hankalinki, ba abin da ya lalace, kuma gwajin nan da shi muka koya mu ma. Rautar ta tashi daga tsohon gida ne kawai, kuma wayarki ta san inda ta koma. Kashe wayifai ki kunna, ki danna sunan wayifai ɗin ki duba bayanansa. A Android nemi Gateway, a iPhone an rubuta Router, a kwamfuta kuma ki rubuta ipconfig ki duba Default Gateway. Lambar da ke wurin ita ce sabuwar lambar rautar. Rubuta ta a burauza, ki shiga, ki mayar da ta da.

Idan wurin ba komai, ko kika ga 169.254, to kin haɗa da kashe DHCP. Nan sai ɗan ramin nan na baya da aka rubuta Reset: rauta tana kunne, ki sa tsinken sakace ki danna na daƙiƙa goma har fitilun su ɗauke su dawo. Amma ki sani zai share komai, sunan wayifai da kalmar sirri za su koma na jikin takardar da ke manne da ita, kuma duk wayoyin gidan sai an sake haɗa su. Idan intanet ɗinku na kebul ne mai suna da kalmar sirri daga kamfani, wanda ake rubuta PPPoE, kada ki taɓa ramin nan sai kin tabbata kuna da su a rubuce, in ba haka ba sai an kira ma'aikatansu. A wannan halin gara ki je ki gaya wa Baba da bakinki kafin ya dawo daga masallaci ya tarar wayarsa ba ta yi.